Kibod ɗin Baba daga Injamena

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ofis, 'yan ɗakinmu na masu buga takardu sun sa ni gaba. Ranar Lahadi kuma ana tashi daga coci matan zumunta suka tare ni a bakin ƙofa. Kowa yana son jin yadda Injamena take da abin da ya kai ni, wasu ma sun riga sun yanke cewa fatauci na fara. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na buga labarin gaba ɗaya, duk wadda ta tambaye ni in miƙa mata.

Sai na fara da Baba, don shi ne dalilin tafiyar.

Mahaifina, Malam Ishaya, tsohon hedimasta ne. Asalinmu ƙasar Biu, amma a nan Maiduguri ya yi yawancin aikinsa. Da ya yi ritaya sai ya ɗora wa kansa aikin da babu wanda ya sa shi: tattara kalmomin Bura, kowace da ma'anarta a Hausa da Turanci, don ya ce jikokinsa sun fara gaishe shi da Hausa kaɗai. Shekara huɗu yana bugawa a tafireta. Bara sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hankalinsa lafiya lau, amma hannun ya daina aiki, ƙafar sai ja, bakinsa kuma ya yi nauyi har Mama ma da ƙyar take tsintar abin da yake faɗa. Tafireta tana son ƙarfin yatsa, ta gagare shi. Alƙalami da hagu kuwa, shi kansa ba ya iya karanta abin da ya zana.

Yayana Thlama da ke karatu a Ingila ya aiko masa da laftof, ƙaramar kwamfutar nan da ake ninkewa kamar littafi. Baba ya koyi latsa ta da yatsa ɗaya na hagu. Da ita yake aikinsa, da ita kuma yake yi mana magana. Sai dai zaman tebur yana kashe masa baya, a kan cinya kuma likita ya hana, ya ce zafinta zai iya ƙona ƙafar da ba ta ji bai sani ba. Sai na aro babban kibod, wato allon madannan haruffa, mai waya. Muka bar laftof a tebur, muka ɗora kibod a kan katako bisa hannun kujerarsa. Sati uku abin yana tafiya daidai. Wata safiya ya miƙe zai zaga, ƙafar da yake ja ta harɗe da wayar, ya faɗi a kan siminti, laftof ta biyo shi. Allah ya kiyaye bai karye ba, ita ma murfinta ne kawai ya tsage. Amma Mama ta naɗe wayar ta kulle a akwati, ta ce muddin tana da rai igiya ba za ta sake gittawa a ɗakin nan ba. Babu wanda ya ga laifinta.

Wata uku Baba bai rubuta komai ba. Ya koma zama yana kallon ƙofa. Duk wanda ya san shi da surutu da gardama, idan ya zo gaishe shi, yakan fita jiki a sanyaye.

Maƙwabciyarmu Ya Falmata, 'yar Kanuri ce mai sayar da busasshen kifi a kasuwar hanyar Baga, kuma takan je Injamena wurin ƙanwarta lokaci lokaci. Wata rana ta shigo duba Baba, da za ta fita ta ja ni gefe.

"Rifkatu, wannan allon da ya ka da Malam, na ga irinsa babu igiya."

"A ina, Ya Falmata?"

"A shagon Abakar, mijin ƙanwata. Kwamfuta tana can, shi yana nan, yana latsawa rubutu yana fita."

A raina na ce rimot ɗin talabijin ta gani. Na zaga shagunan kayan lantarki na cikin gari, wani ya ce bai taɓa ji ba, wani ya yi mini dariya. Na je na yi wa Thlama waya, ya ce gaskiya ne akwai, amma babu mai zuwa gida da zai ba wa saƙo sai baɗi. Legas tana da nisa, ban kuma san kowa a can ba. Injamena kuwa yini ɗaya ne, ga 'yar rakiya. Na nemi hutun kwana huɗu, na yi takardar wucewa da katin rigakafi.

Dole in tafi da laftof ɗin don in gwada kafin in saya. Na kwafe aikin Baba a faifan disket har kashi biyu na ba Mama ta ɓoye, sannan na durƙusa gabansa na gaya masa. Ya kalle ni. Sai ya sa hannun hagu ya turo mini ita a kan tebur. Mama ta naɗe ta da zane biyu ta sa a jakar leda, ta sake sa wa a wata jakar.

Da sassafe muka shiga motar Gamboru. Direban ya san Ya Falmata, ya ba mu gaba. Wani malamin makaranta a baya ya ga yadda na rungume jaka ya tambayi abin da ke ciki. Da ya ji, sai ya girgiza kai.

"Da kin bari tukuna, 'yar'uwa. An ce ranar da shekara ta dubu biyu ta shigo duk kwamfutocin duniya za su rikice."

Ya Falmata ba ta ko waiwaya ba ta ce, "To sai mu yi sauri Malam ya gama littafinsa kafin nan."

Muka tsaya a Dikwa muka ci ƙosai da soyayyen kifi. Daga can ƙasa ta koma baƙa, shimfiɗe har iyakar gani, manoma suna ta dashen masakwa, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Hantsi ya yi sosai muka isa Gamboru.

Iyakar gada ce a kan wani ɗan kogi, da ƙafa ake haye ta. A ɓangarenmu wani jami'i ya ce in buɗe jaka. Ya kwance zanen Mama ɗaya bayan ɗaya, ya ce in kunna. Na kunna, shafin Baba ya fito. Ya karanta layi biyu uku ya tambaye ni wane yare ne, na gaya masa labarin a taƙaice. Sai ya juya laftof ɗin ya kwafi lambar da ke ƙarƙashinta a wata takarda, ya buga hatimi ya miƙo mini.

"Ki riƙe wannan da kyau. In ba haka ba, ranar dawowa za a ce sabuwa kika sayo. Allah ya ba dattijo lafiya."

A ɓangaren Kamaru, a Fotokol, Hausata da Turancina suka zama banza. Jami'in Faransanci yake yi da Larabcin Shuwa, Ya Falmata ce ta zama bakina. Shi ma ya ce a kunna. Ya tambayi ko tana nuna fim, aka ce a'a. Sai ya ce to in rubuta sunansa ya gani. Na rubuta, na ƙara girman haruffan har suka cika gilashin. Ya ji daɗi ƙwarai, ya kira abokan aikinsa, kowa ya faɗi nasa. Ba su matsa mana ba, har ruwan sanyi suka ba mu. Amma ina rubuta suna na biyar fitilar batir ta koma ja, laftof ta mutu. Batirinta dama ba ya daɗewa.

Hanyar Fotokol zuwa Kusiri, garin Kamaru da ke kan iyakar Chadi, babu kwalta. Wata tsohuwar a-kori-kura muka samu, mu da buhunan albasa da awaki biyu. Ba mu yi rabin tafiya ba ta kafe a taɓo. Aka ce kowa ya sauka. Maza suka shiga turi, mu mata aka ce mu taka zuwa tudu. Ruwa ya kai gwiwa. Na ɗora jakar a ka kamar mai tallan nono, na riƙe da hannu biyu, ina taku ina addu'a. Ana gab da fita laka ta kama takalmina na dama. In na sunkuya jakar za ta iya zamewa, don haka na zare ƙafata na bar mata shi. Wata dattijuwa Bashuwa da muke tare ta kwance ƙullinta ta ciro silifas guda ɗaya, shuɗi, wanda ya fi ƙafata girma, ta ajiye a gabana. Ban san inda ɗayan yake ba. Haka na haye babbar gadar Kusiri da la'asar na shiga ƙasar Chadi, ƙafa ɗaya takalmin ofis, ɗaya silifas. Ya Falmata ta ce kada in damu, za a ɗauka yayin Najeriya ne.

A gidan ƙanwarta Yagana muka sauka. Ina shiga ƙamshin turaren wuta ya tare ni, sai na ji kamar ban bar Maiduguri ba. Matan lafaya suke ɗaurawa irin ta nan. Gaisuwarsu dai ta fi tamu tsawo, a riƙe hannunka ana "afe, afe", wato lafiya, har sai ka ƙosa. Yagana ta ji cewa ni Kirista ce, ta zo a hankali ta tambayi ko akwai abin da ba na ci. Aka kawo tuwon da suke kira esh da miyar busasshiyar kuɓewa mai busasshen nama. Na sunkuyar da kai na yi addu'ata, da na ɗago na tarar babu wadda ta sa hannu, ni suke jira.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne soket. Na ciro wayar caji zan sa, sai na ga ramukansu biyu ne zagayayyu, tamu kuwa mai ƙafa uku ce. Ta ƙi shiga ko ta ina. Na zauna ina tunanin na ratsa ƙasa uku da kwamfutar da ba zan iya kunnawa ba. Maigidan, Malam Abakar, ya dawo daga shago ya same ni a haka. Ya yi karatun allo a Maiduguri yana yaro, Hausarsa tana fita sarai. Ya duba ya ce, "Wannan ƙaramin abu ne, akwai mahaɗi a shago. Ki kwanta da hankalinki. Amma mu fita da wuri, don a nan rana tana take tsaka kowa yake rufewa."

Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri har yana kankare dadashi, da jan shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, sukari kamar zuma. Mu da muke taƙama da zafin Maiduguri, na Injamena yayansa ne. Maza da yawa sun naɗe fuska da rawani, ido kaɗai ake gani. A kasuwa kuwa ko'ina ka juya za ka ji Hausa.

Shagon ƙarami ne, cike da rediyo da injin lissafi da kayan da Turawa ke sayarwa idan za su koma ƙasarsu. Malam Abakar ya sa mahaɗi, laftof ta farfaɗo, na sauke ajiyar zuciya. Sannan ya sauko da kwali biyu.

Na farko sabo ne fil daga Faransa, fari tas, da maus ɗinsa daban, wato abin jan kibiya a gilashi, shi ma babu waya. Kowane irin wannan kibod yana zuwa da wani ɗan akwati da ake haɗawa a bayan kwamfuta, shi ke karɓar saƙo. Malam Abakar ya ce na wannan kamar rediyo yake, ko ta bayan bango yana ji. Ya haɗa, na ɗora yatsuna. Shekara goma sha huɗu ina buga takardu, ba na kallon hannuna. Na buga layi uku a guje, duk suka fito daidai, madannan kuma laushi kamar auduga. Zuciyata ta gama saye. Ya Falmata har ta gyara lafaya za ta fara ciniki.

Sai na tuna ba ni ce zan yi aiki da shi ba. Na ce a ba ni kujera. Na zauna na kishingiɗa yadda Baba ke yi, na cusa hannun dama ƙarƙashin mayafi, na ɗora kibod a cinya. Na sa yatsa ɗaya na hagu ina neman harafi da ido kafin in latsa. Na nemi B, na nemi A, na rubuta Baba. Da na ɗaga kai, abin da ke gilashin shi ne Bqbq.

"Malam Abakar, zo ka gani."

Ya leƙa, ya dubi kibod ɗin, ya dafe goshi. Ashe Faransawa ba su jera haruffansu kamar namu ba. Inda muke da Q su A suka zana, inda muke da W su Z, M ma an matsar da shi gefe. Laftof ɗin Baba kuwa jerin Ingila ta sani. Ni da yatsuna suka haddace gurbi ban ga komai ba, amma mai bin abin da aka zana zai sha wuya. Harafin A kuma ba abin da za a yi wasa da shi ba ne, kusan kowace kalma tana da shi.

"Ana iya manna takarda a kan kowane madanni," in ji shi.

"Idonsa ba ƙarfi, Malam. Kuma shekara talatin, tun yana hedimasta, ya san inda kowane harafi yake."

Na ce to a gwada maus ɗin. Nan ma aka samu cikas. Akwatin yana da kai biyu zagayayyu, ɗaya na kibod ɗaya na maus, laftof kuwa rami ɗaya zagayayye gare ta. Ko da ya shiga ma, maus yana son tebur mai faɗi da hannun da zai bar kibod ya je ya dawo. Baba hannu ɗaya gare shi, kujerarsa kuma babu fili.

Malam Abakar ya buɗe kwali na biyu yana ɗan jin nauyi. Wannan na hannu ne, toka-toka, wata likita Baturiya ce ta bari. Harafin E ya goge saboda latsawa. Amma jerinsa irin namu ne, kuma ba shi da maus daban. Wani ɗan ƙwallo ne a jikinsa, a tsakiya daga ƙasa, da babban yatsa ake murza shi kibiya ta yi tafiya. Akwatinsa kai ɗaya zagayayye, ɗaya mai faɗi, kuma duka ramukan biyu suna bayan laftof.

"Zan gaya miki aibinsa tun yanzu," in ji Malam Abakar. "Wannan da ido yake aiki kamar rimot. Sai sun ga juna shi da akwatin. Kuma batir huɗu yake ci, ba ya wasa da su."

Na koma kujera na sake ɓoye hannun dama. Na rubuta Baba, ya fito Baba. Na ja baya taku uku, yana yi. Taku biyar, yana yi. Na murza ƙwallon na buɗe shafi na rufe, duk da hannu ɗaya, ban ɗaga shi daga cinya ba. Ina cikin bugawa Ya Falmata ta gitta za ta ɗauki ruwa, rubutu ya tsaya cak. Ta wuce, ya ci gaba. Ta dawo ta tsaya da gangan, ya sake tsayawa.

"Ashe yana jin kunyar manya," in ji ta.

Na dubi farin nan sabo har sau biyu. Mace ta zo daga nesa ta koma da tsohon kaya, na san abin da za a ce. Amma na ce wannan nake so. Ya Falmata ta yi cinikinta da Larabci, Malam Abakar ya ɗauko farin fenti da tsinke ya sake zana E da hannunsa, ya ƙara mini da mahaɗin soket, wai ko zan sake zuwa. Muna fitowa rana ta take, kasuwa ta watse kamar an yi shela. Har masu shayi sun shimfiɗa tabarma sun kwanta.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Taɓon ya ɗan bushe, takardar jami'in nan kuma ta yi mini rana a Gamboru, ana ganinta aka ce in wuce. Da yamma muka iso gida, Ya Falmata ta rako ni har ɗakin Baba.

Mama ba ta bari na haɗa komai ba sai da ta karɓi kibod ɗin ta juya shi gaba da baya, ta shafa gefunansa huɗu tana neman inda waya ke fita. Ta duba akwatin, ta ga tasa gajeruwa ce, a bayan laftof take, ba ta ko sauko daga tebur ba. Sannan ta ce to.

Na ɗora wa Baba a kan katakonsa. Ya daɗe bai taɓa ba. Ya dubi ƙasa tsakanin kujerarsa da tebur, babu komai sai siminti. Ya sa yatsa ya latsa harafi ɗaya, ya ga ya fito a can. Ya murza ƙwallon, kibiya ta gudu ƙarshen gilashi, ya dawo da ita a hankali. Ni na zaci shafin kalmominsa zai buɗe, ko ya yi mini sannu da hanya. Sai ya fara bugawa, harafi ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye muna bi da ido.

Kubili, zo ki zauna kusa da ni.

Sunan Mama ke nan na yanka. Ni ban taɓa jin ya kira ta da shi a gabanmu ba. Mama ta matso ta karanta, ta tsaya daidai tsakaninsa da tebur, Baba yana ta latsawa babu abin da ke fita. Na ce, "Mama, kin tare masa." Ba ta ji ni ba. Ta sake karantawa, ta goge ido da bakin zane.

"Ina na je, Malam? Wata uku ina nan."

Ta jawo kujerarta 'yar tsugune ta ajiye a gefensa na hagu, inda ba za ta tare komai ba, ta zauna. Ya buɗe shafinsa, ya nemo kalmar da ya tsaya a kanta, ya nuna mata da haɓa. Ta karanta ta ce ba haka ake faɗa a ƙauyensu ba. Baba ya gyara zama ya fara buga mata amsa. Na ja Ya Falmata muka fita, muka bar su suna gardama.